Sitent a mararrabar jijiyar zuciya: abin da likita ke iya hasashe, da abin da ya rage a hannunka

Wani ɗan kasuwa mai shekara hamsin da 'yan kai ya zo wurina a nan Sakkwato da jaka cike da takardu, wasu da Turanci wasu da Larabci. Wata huɗu kafin nan ciwon ƙirji ya kwantar da shi, 'ya'yansa suka haɗa kuɗi suka kai shi Alƙahira, aka buɗe masa jijiyar zuciya da ta toshe, aka sa masa sitent guda biyu. Ya dawo yana hawa bene ba tare da ya tsaya hutawa ba. Tambayarsa ɗaya ce: "Likita, wannan aikin shekara nawa zai kai ni?" Babban ɗansa ya nuna mini wani layi a rahoton inda aka rubuta 1,1,1, ya ce can an gaya musu irin wannan ce mai wahalar. Kafin in ba su amsa na ce Alhaji ya nuna mini magungunan da yake sha. Asfirin kaɗai ya fito daga aljihu. Ɗayan maganin tsinka jinin da aka haɗo shi da shi daga Masar ya ƙare mako uku da suka wuce, da aka ji kuɗinsa a kyamis kuma sai aka ce a bari sai an ga likita.

Idan kai ma an sa maka sitent, ko an sa wa mahaifinka ko mijinki, na san wannan tambayar tana ranka. Likita bai san gaibu ba. Abin da muke kira hasashe lissafi ne kawai: cikin mutum ɗari masu irin jijiyarka, irin shekarunka da irin ƙodarka, mutum nawa ne suka sake samun matsala cikin shekara ɗaya ko biyar? A 'yan shekarun nan wannan lissafi ya ƙara inganta sosai, har kwamfuta ta shigo ciki. Sai dai kusan duk alƙaluman an tara su ne a ƙasashen da magani ba ya yanke wa mara lafiya. Shi ya sa nake ganin, a garinmu, abin da ya fito daga aljihun Alhaji ya fi lambobin da ke rahotonsa faɗa mini abin da ke gabansa.

Me ya sa mararraba ta fi wuya?

Zuciya tsoka ce, ita ma tana buƙatar nata jinin. Manyan jijiyoyi biyu ke kai mata shi, ta dama da ta hagu. Ta hagun gajera ce, ba ta cika wuce tsawon gaɓar yatsa ba sai ta rabu biyu, ɗaya ta gangara ta gaban zuciya, ɗaya ta zagaya ta baya, kowacce kuma tana fitar da rassa. Faɗin mafi yawansu milimita biyu ne zuwa huɗu. Duk manomin rani a Wurno ko Kwalkwalawa ya san cewa inda hanyar ruwa ta rabu biyu, a gefen da ruwa ya rage gudu, nan laka ke kwanciya. Haka kitse ke yi a jijiya. Don haka kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na aikin buɗe jijiyar zuciya da ake yi a duniya, a irin wannan mararraba ake yin sa.

Wani likita mai suna Andreas Gruentzig ne ya fara buɗe jijiyar zuciya da balan-balan a birnin Zurik a 1977, a 1986 kuma aka fara sa wa mutum sitent a Faransa da Suwizalan. Sitent ɗan siririn bututun raga ne na ƙarfe, ana zura shi ta jijiyar hannu ko ta cinya, a buɗe shi a wurin da ya toshe ya tokare bangon jijiyar. Na yanzu ana shafa musu magani da ke hana nama sake tsirowa ya cike ramin. Matsalar ita ce sitent miƙaƙƙe ne, mararraba kuwa kamar gwafa take. Idan aka buɗe shi a uwar jijiya, yana iya tura kitsen ya matse bakin reshen, wayoyinsa kuma su gitta ƙofar reshen. Idan aka ce a sa wa reshen nasa sitent ɗin, ƙarfe ya hau kan ƙarfe a wuri ɗaya, kuma a irin wannan wuri jini ya fi saurin daskarewa.

Lambobi ukun da ɗan Alhaji ya nuna mini tsari ne da wani likitan Sifaniya, Alfonso Medina, ya fitar a 2006. Ta farko tana nufin uwar jijiya kafin mararraba, ta biyu uwar jijiya bayan mararraba, ta uku reshen. Inda ya tsuke da rabi ko fiye a rubuta 1, inda bai kai ba a rubuta 0. Ke nan 1,1,1 na nufin duka ukun sun tsuke. Gaskiya ne ta fi 1,0,0 wahala. Amma lambobin ba su faɗin tsawon toshewar reshen, ko yadda ya karkata, ko kitsen ya ƙandare ya zama kamar dutse, alhali waɗannan sun fi nauyi a hasashe. Na sha ganin iyali sun kwana ba barci saboda 1,1,1, ba wanda ya kalli sakamakon gwajin ƙodar da ke shafi na gaba.

Ɗaya ko biyu?

Mutane da yawa na ɗauka cewa wanda aka sa wa biyu ya fi samun kulawa, tun da ya fi biyan kuɗi. Bincike bai nuna haka ba. A wani gwaji da aka yi a Birtaniya mai suna BBC ONE, wanda aka wallafa a 2010, an raba marasa lafiya 500 gida biyu. Waɗanda aka fara da sitent ɗaya, sai an ga dole a ƙara na biyu, kashi 8 cikin 100 ne suka samu matsala cikin wata tara. Waɗanda aka shirya musu biyu tun farko, kashi 15.2. Daga irin wannan sakamako ne ƙungiyar likitocin Turai masu nazarin mararraba ta tsaya a kan cewa a fara da ɗaya.

Sai likitocin birnin Nanjing na ƙasar Sin, ƙarƙashin Farfesa Chen Shaoliang, suka zo da wata dabarar haɗa sitent biyu. A gwajinsu na DKCRUSH-V a 2017, kan mutum 482 masu toshewa a mararrabar babbar jijiyar hagu, masu biyu kashi 5 cikin 100 ne suka samu matsala a shekara ɗaya, masu ɗaya kuwa kashi 10.7. Turawa suka yi nasu gwajin a wannan mararrabar, EBC MAIN, kan mutum 467, aka wallafa a 2021: masu ɗaya kashi 14.7, masu biyu kashi 17.7, bambancin da bai kai a ce wani ya fi wani ba. Kada wannan ya ruɗe ka. Marasa lafiyar Sin toshewar rassansu ta fi tsawo, likitocin da suka yi musu aikin kuma sun ƙware a wannan dabarar musamman. Abin da aka fahimta shi ne, idan reshen babba ne, toshewarsa ta kai milimita goma ko fiye kuma ta matse sosai, biyu na iya fi, muddin hannun da zai sa su ya saba. Idan ba haka ba, ɗaya ya isa. Ma'ana, hannun mai aikin yana cikin hasashenka, kuma ba rashin kunya ba ne ka tambaye shi irin wannan aiki nawa yake yi a shekara.

Sabon abin da ya fi canza lissafi shi ne leƙa cikin jijiyar. Hoton anjiyogiram da aka saba inuwa kawai yake nunawa. Akwai 'yar na'ura da ake zurawa cikin jijiyar, mai aiki da sauti ko da haske, ta nuna ko sitent ya buɗe duka kuma ya manne da bango. A gwajin OCTOBER da likitocin Denmak suka jagoranta, aka wallafa a 2023, kan mutum 1,201 masu toshewar mararraba, waɗanda aka leƙa cikin jijiyarsu kashi 10.1 cikin 100 suka samu babbar matsala cikin shekara biyu, sauran kashi 14.1. Wani gwajin a Koriya ta Kudu a wannan shekarar ya nuna kusan haka. A watan Agustan 2024 ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta sa wannan leƙen cikin abubuwan da take ba da shawarar yi a aikin mararraba. Yana ƙara kuɗi, ba shakka. Amma idan kuɗin da iyali suka tara zai sa a zaɓa tsakanin ɗakin alfarma a asibiti da wannan na'ura, a kwana a ɗakin kowa da kowa.

Tun da maganar kuɗi ta shigo, bari in faɗi wannan. Ba kowace toshewa ke buƙatar sitent ba. Ga wanda ya yi bugun zuciya, sitent na ceton rai. Ga wanda ciwonsa ya daidaita, sai ya yi tafiya ƙirji ya riƙe, ya huta ya sake shi, babban gwajin ISCHEMIA na 2020, kan mutum sama da 5,000, bai nuna cewa gaggawar buɗe jijiya ta rage mutuwa fiye da magani mai kyau ba, ko da yake ta fi rage ciwon ƙirjin. Wannan gwajin bai haɗa da masu toshewar babbar jijiyar hagu ba, su hukuncinsu daban ne. Kafin a sayar da fili a tafi waje, a nemi ra'ayin likitan zuciya na biyu.

Ma'aunan maki, da inda aka ƙera su

Za ka iya ganin kalmar SYNTAX a rahotonka da lamba a gabanta. Ma'auni ne da ke ba kowace toshewa maki gwargwadon wurinta da wahalarta, mararraba kuma na ƙara maki. Ya yi suna ne da wani gwaji kan mutum 1,800 da aka wallafa a 2009. Maki 22 zuwa ƙasa sauƙi ne, 23 zuwa 32 tsaka-tsaki, 33 zuwa sama kuwa tiyatar buɗe ƙirji a yi wa jini sabuwar hanya ta fi sitent amfani, musamman ga mai ciwon suga. A 2013 aka gane cewa kallon jijiya kaɗai bai isa ba, aka ƙara shekarun mutum, aikin ƙodarsa, ƙarfin bugun zuciyarsa, ciwon huhu da toshewar jijiyoyin ƙafa. Hasashen ya fi daidai da aka sa mutumin a ciki.

Akwai kuma ma'aunin da ke duba ɗaya gefen, wato haɗarin zubar jini saboda magungunan tsinka jini. PRECISE-DAPT na 2017 yana amfani da abubuwa biyar: shekaru, aikin ƙoda, yawan jini, yawan fararen ƙwayoyin jini, da ko mutum ya taɓa zubar da jini. Wanda ya kai maki 25 ana tunanin rage masa tsawon lokacin shan magani biyu. Yanzu kuma ana ciyar da kwamfuta bayanan dubban marasa lafiya ta koyi hasashe da kanta, abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Likitocin birnin Turin na Italiya sun fitar da irin wannan ma'auni mai suna PRAISE a 2021, ana kuma yin haka da rajistocin masu sitent a mararraba na Italiya da Koriya ta Kudu. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, bayan duk wannan lissafi, abubuwan da ke fitowa a sama su ne waɗanda tsohon likita ya sani tuntuni: ƙoda, shekaru, ƙarfin zuciya, ciwon suga.

To, a kan su wa aka auna waɗannan ma'aunai? Mutanen Turai, Amurka da gabashin Asiya. Ɗauki fararen ƙwayoyin jini. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma suna da wani gado a jini da ke sa adadin fararen ƙwayoyinsu ya yi ƙasa da na Bature, kuma lafiyarsu lau. Ɗauki yawan jini. A nan mutum na iya yin ƙarancin jini saboda zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki ko yawan haihuwa, dalilan da ba su ne na tsohon Baturen da aka gina ma'aunin a kansa ba. Wanda ya fi duka muhimmanci, kowane ma'auni ya ɗauka cewa mara lafiya zai sha maganinsa kullum, kuma idan sitent ya toshe da dare motar asibiti za ta kai shi inda za a sake buɗe shi cikin awa ɗaya ko biyu. Ba layin da ke tambayar ko gidanka a Mabera yake ko a Sabon Birni, ko wane ne zai sayi maganin wata mai zuwa.

Namu alƙaluman sun fara taruwa, kuma abin alfahari ne cewa daga Sakkwato aka ja ragamar. Farfesa Simeon Isezuo na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne ya jagoranci rajistar RACE-Nigeria, wadda ta bi marasa lafiya 1,072 masu bugun zuciya da makamantansa a asibitocin ƙasar nan, aka wallafa sakamakon a mujallar ƙungiyar zuciya ta Amurka a 2022. Matsakaicin shekarunsu 59, kashi biyu cikin uku maza ne, mafi yawansu suna da hawan jini, da yawa sun iso asibiti a makare, kuma waɗanda aka buɗe wa jijiya ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Wannan ya rushe tsohuwar maganar nan cewa baƙar fata ba ya toshewar jijiyar zuciya. Mataki na gaba da nake so in gani shi ne a riƙa rubuta duk mai sitent da ya dawo Arewa, ko a Abuja aka sa masa, ko Legas, ko Masar, ko Indiya, a bi shi shekara biyar. Sai mun yi haka za mu iya ba irin su Alhaji lambar da aka auna a kan mutanenmu.

Ƙwaya biyu

Sabon sitent baƙo ne a cikin jini. Har sai fatar cikin jijiya ta tsiro ta rufe wayoyinsa, abin da ke ɗaukar watanni, ƙananan ƙwayoyin jini masu haɗa guda suna neman manne masa. Shi ya sa ake haɗa asfirin da magani na biyu, clopidogrel ko ticagrelor ko prasugrel, yawanci wata shida ga mai ciwon da ya daidaita, wata goma sha biyu ga wanda ya yi bugun zuciya. Wani bincike da aka yi a asibitocin Italiya da Jamus, aka wallafa a 2005, ya bi mutum 2,229. Kashi 1.3 cikin 100 ne kawai gudan jini ya toshe musu sitent cikin wata tara, amma kashi 45 cikin 100 na waɗanda abin ya faru da su sun mutu. Kasancewar sitent a mararraba ya ninka haɗarin kusan sau shida. Ciwon ƙoda ma kusan sau shida. Daina magani kafin lokaci kuwa ya ninka shi kusan sau casa'in. Sitent na yanzu sun fi na wancan lokaci siranta da aminci, kuma an gano wasu marasa lafiya na iya rage tsawon shan magani biyu. Amma likitan zuciya ne ke yanke wannan, da lissafi, yana kuma barin magani ɗaya ya ci gaba.

Ka kwatanta shida da casa'in, sannan ka tuna abin da ya faru da kasuwar magani. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. A watan Agustan 2023 kamfanin GSK ya sanar da daina kasuwanci kai tsaye a Najeriya, a watan Nuwamba Sanofi ya sanar da cewa zai koma sayarwa ta hannun dillali. Sanofi ne mai Plavix, sanannen sunan clopidogrel da likitocin waje ke yawan rubutawa. A watan Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a umarnin cire haraji kan kayan haɗa magunguna da ake shigowa da su. Mataki ne mai kyau ga masana'antun gida, amma irin wannan sauƙi yana daɗewa kafin ya iso kantin magani na unguwa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, jihar Sakkwato ma tana da hukumarta, SOCHEMA, duk da haka sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fitowa. Iyali kan iya tara miliyoyi a mako ɗaya don aiki, saboda rai na kan gargara kuma kowa na gani. Kuɗin ƙwaya na kowane wata ba ya tara dangi.

Ga shawarata. Kuɗin maganin shekara ɗaya a lissafa shi cikin kuɗin aikin tun kafin a tafi, a ware shi gefe. Idan Plavix ya yi tsada, clopidogrel na wasu kamfanoni magani ɗaya ne, muddin yana da lambar NAFDAC kuma daga kantin magani mai rajista aka saye shi, ba daga tire a bakin kasuwa ba. Idan ticagrelor aka rubuta maka kuma ya fi ƙarfin aljihunka, ka faɗa wa likita kai tsaye. Ana iya mayar da kai clopidogrel, amma sauyin yana da ƙa'idarsa, ba a kyamis ake yin sa ba. Kada kuma ka riƙa sha yau ka tsallake gobe don kwalin ya daɗe.

Akwai abubuwan gida da ba za ka gani a takardar sallamar asibitin Alƙahira ko Delhi ba. Mai shan magungunan tsinka jini biyu bai kamata ya yi ƙaho ko ya bari wanzami ya tsaga shi ba. Idan haƙori ya dame ka, kada ka yarda a ce ka daina magani kwana bakwai kafin a cire. Yawancin cire haƙori ana yin sa ba tare da an daina ba, kuma likitan haƙori ya yi magana da likitan zuciyarka. Duk tiyatar da ba ta gaggawa ba, kamar ta gwaiwa, a ɗaga ta sai watannin farko sun wuce. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac, ibuprofen da piroxicam, waɗanda ake zubawa cikin haɗin da ake sayarwa a leda, suna huda ciki, suna lalata ƙoda, suna ta da hawan jini. Farasitamol ya fi maka aminci. Jiƙe-jiƙen gargajiya da ba a san abin da ke ciki ba, ni dai ba zan haɗa su da sabon sitent ba.

Sai maganar olsa, wadda ta cinye mana mutane da yawa. Duk zafin da ya taso tsakanin ƙirji da ciki, olsa muke kiransa. Mai sitent ba shi da wannan damar, sai ECG ya wanke shi. Idan kuma da gaske kana buƙatar maganin kare ciki, omeprazole na iya rage ƙarfin clopidogrel, shi ya sa muka fi rubuta pantoprazole.

Azumi da zafi su ma suna cikin lissafin. Wanda bai daɗe da yin bugun zuciya ko aiki ba, musamman a mako shida na farko, shawarar likitoci ita ce ya jinkirta azumi ya rama daga baya. Wanda ya daidaita, sau da yawa yana iya yi: clopidogrel sau ɗaya ake sha a yini, ticagrelor sau biyu, a sahur da buɗa-baki. A zo a tsara wannan tun cikin Sha'aban. Daga Maris zuwa Mayu kuwa, lokacin da zafin Sakkwato ke haura maki 40, rashin ruwa a jiki na taɓa ƙoda, musamman ga mai shan maganin fitsari ko wasu magungunan hawan jini. Ka tuna ƙoda na saman jerin abubuwan hasashe. Ruwan rinin da ake zubawa a jijiya lokacin aikin ma yana iya taɓa ta, don haka a sake gwada ta bayan an dawo gida, ko da jiki ya yi daɗi. Mai niyyar Hajji ko Umara ya tafi da maganin da zai ishe shi har da ƙari, a jakar hannu.

Kafin ku baro asibitin da aka yi aikin, ku karɓi hoton anjiyogiram a faifai ko filashi, da takardar da ta faɗi wace jijiya ce, sitent nawa, faɗinsu da tsawonsu, wace dabara aka bi, ko an leƙa ciki, da ranar da aka tsara daina magani na biyu. Wannan rana ita ce layin da na fi nema a kowane rahoto, kuma sau da yawa babu ita. Da isowa gida a yi rajista a asibitin zuciya, kada a jira ciwo ya dawo. Sitent ya gyara santimita biyu ko uku ne kawai, ciwon kuwa yana duk jijiyoyin. Maganin kitsen jini na har abada ne, ana so mugun kitsen, LDL, ya sauka ƙasa da 1.4 a ma'aunin da yawancin ɗakunan gwajinmu ke amfani da shi, ko 55 a ɗaya ma'aunin. Taba da shisha kuwa babu sulhu.

Idan nauyi ko matsi ya kama ƙirjinka ya wuce minti goma, ko ya zo da gumi, amai ko sarƙewar numfashi, a kai ka sashen gaggawa na asibitin da ke da ECG nan take, ko ƙarfe nawa ne, kuma kalmar farko da za a faɗa a ƙofa ita ce kana da sitent. Idan ka ga baƙin bayan gida kamar kwalta, ko aman jini, ko haɓon da ya ƙi tsayawa, shi ma asibiti ne a ranar. Kada ka yanke wa kanka daina maganin a gida.

Shi Alhaji, mun yi masa ECG a ranar, babu sabon abu. Na mayar da shi kan clopidogrel na wani kamfani mai sauƙin kuɗi, ɗansa ya fita ya sayo, ya sha ƙwayar farko a gabana. Gwajin ƙodarsa ya ɗan hau, da na matsa da tambaya sai ya ce yana shan wani haɗi na ciwon gwiwa kusan kullum, muka cire shi. Game da shekara nawa aikin zai kai shi, na gaya masa cewa mafi yawan masu irin mararrabarsa suna wuce shekarar farko lafiya idan maganin bai yanke ba, kuma daga nan haɗarin toshewar sitent na raguwa sosai. Ɗan ya ciro waya ya lissafa watannin da suka rage, takwas, ya ninka da kuɗin kwali, ya tura wa ƙannensa a WhatsApp. Na ba su mako biyu su dawo mu sake duba ƙodar.